Yadda ake tara tsabar kuɗin gaggawa na Jamus waɗanda kamfanoni suka buga

Duk wanda ya shiga kasuwar tsoffin kuɗi ta intanet ya rubuta Notgeld, wato kuɗin gaggawa da Jamusanci, abun da zai fara cika masa ido takardu ne masu launi kala-kala da zanen gidaje da gadoji da tatsuniyoyin gari, to ba su nake so mu yi magana a kai ba. Da yawansu ma dan masu tarawa aka buga su wajen 1921 da 1922, ba su taɓa shiga hannun mai sayar da burodi ba. Ni waɗanda suka kama min zuciya su ne 'yan tsabar nan masu launin toka, marasa kwalliya, na tutiya da baƙin ƙarfe, waɗanda masana'antu da kamfanonin haƙar kwal da manyan shaguna suka buga da sunansu, galibi tsakanin 1916 da 1921, lebura ya karɓe su a albashi ya sayi miya da su a kantin ma'aikata. Kuma tun yanzu in faɗa maka gaskiya ɗan uwa, ƙarfen da ke jikinsu bai kai komai ba, duk darajar tsabar kamfani tana ga sanin wa ya buga ta, a wane gari, kuma dan me. In ba ka da niyyar wannan binciken to tarin ƙarfe kawai za ka yi.

Ka fara sanin abun da ya haife su

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914 jama'a suka shiga ɓoye gwal da azurfa, ita kuma gwamnati tana neman jan ƙarfe da nikel ido rufe saboda harsashi da kayan yaƙi, ga Ingila ta toshe hanyar teku kaya ba sa shigowa. Sai aka koma buga Pfennig 5 da baƙin ƙarfe daga 1915, Pfennig 10 da baƙin ƙarfe daga 1916 sannan da tutiya daga 1917, amma duk da haka canji bai wadata ba. Pfennig 100 ne mark ɗaya. Yanzu ka ɗauki masana'anta mai ɗaruruwan ma'aikata da ake biya duk sati da tsabar kuɗi a cikin ambulan, kowa lissafinsa ya ƙare da 'yan Pfennig, akawu ya je banki an ce babu, to ya za a yi? Kusan irin yanda mai shago a unguwa ke miƙo maka alewa ko ya ce ka biyo shi canjinka ne, sai dai su sun kai abun wani mataki, suka je wajen masu buga lambobin yabo da maɓallai suka ce a buga musu nasu kuɗin da sunan kamfani a jiki, da alkawarin duk wanda ya dawo da shi za a musanya masa da kuɗin gwamnati. Hukuma ba ta so ba amma ta kau da kai dan ba ta da abun da za ta ba mutane a madadinsa.

Akwai kuma wani dalili na biyu da sababbin shiga ba su cika sani ba. Fursunonin yaƙi, Rashawa da Faransawa da sauransu, an tura da yawansu aiki a ramukan kwal da masana'antu, kuma ba a so a ba su kuɗin gaske dan kar su samu guzurin gudu, sai kamfani ya buga musu tsaba ta musamman wadda ba ta aiki sai a kantin wajen. Waɗannan ma suna cikin na kamfanoni kuma suna da nasu masoyan.

A ranar 17 ga Yuli 1922 gwamnati ta yi dokar hana fitar da kuɗin gaggawa, amma hauhawar farashi ta fi ƙarfin dokar, zuwa Nuwamba 1923 dala ɗaya ta kai mark tiriliyan 4.2, a tsakiyar watan ne aka fito da sabon kuɗi Rentenmark aka tsayar da abun. Amfanin sanin wannan gare ka shi ne ya ba ka ma'aunin shekaru: tsaba mai Pfennig 5 ko 10 ko 50 kusan kullum ta zamanin ƙarancin canji ce, wadda ta ɗauki mark ɗari ko dubu ko miliyan ta 1922 zuwa 1923 ce.

Mataki na farko: ka iya raba su kashi uku

Nan ne yawancin kuɗin mutane ke zurarewa, dan haka zan ɗan jima a kai. Duk abun da dillali ya kira Notgeld yana faɗawa cikin ɗaya daga kashi uku. Na farko na hukuma, wato wanda gari ko gunduma ko lardi ya buga, za ka ga Stadt ko Gemeinde ko Kreis ko Bezirk ko Magistrat a jiki, yawanci da tambarin garin. Na biyu na kamfani, shi muke nema. Na uku kuma 'yan alamun ciniki ne na yau da kullum da Jamusawa ke amfani da su tun ƙarni na 19 har bayan yaƙi na biyu, na shan giya, na jinginar kwalba, na mitar gas, na ma'aikatan gidan abinci, waɗannan ba ruwansu da ƙarancin canji amma da yake sun yi kama sai a cusa su cikin tari a sayar maka.

Na kamfani ana gane shi da irin waɗannan kalmomi: A.G. ko G.m.b.H. a ƙarshen suna, ko & Co., ko Gebr. wato 'yan uwa maza suka haɗa jari, ko Söhne wato wane da 'ya'yansa, ko Nachf. wato magajin wane. Fabrik da Werk masana'anta, Hütte wajen narka ƙarfe, Zeche da Grube ramin haƙar ma'adini, Brauerei kamfanin giya, Kaufhaus babban shago, Kantine kantin abincin ma'aikata, Konsumverein ƙungiyar haɗin gwiwar masu saye. Kalmar Gewerkschaft a kan tsaba ba ƙungiyar ƙwadago take nufi ba kamar yanda manhajar fassara za ta gaya maka, a harkar ma'adinai wani nau'in kamfani ne, misali Mansfeldsche Gewerkschaft ta Eisleben mai haƙar jan ƙarfe, wadda ta buga tata tsabar a shekarun yaƙin. In ka ga guduma biyu sun gitta juna ko an rubuta Glück auf, to ka san kana hannun masu haƙar ma'adini.

Sai ka juya bayan. In ka ga Kleingeldersatzmarke, wato madadin ƙananan kuɗi, ko Kriegsgeld ko Notgeld ko Kriegsnotgeld, to hankalinka ya kwanta, ta zamanin ce. In ka ga Kriegsgefangenen ko Gefangenenlager ta fursunoni ce. Amma in Wertmarke, wato alamar ciniki, kawai aka sa, ko Gut für da sunan wani abu kamar gilashin giya ɗaya, ko Pfand wato jingina, ko lamba tsirara ba ko kalma, musamman in tagulla ce mai sheƙi, to ka dakata, mai yiwuwa ta girmi yaƙin da shekara talatin. Tagulla da jan ƙarfe su ne fa aka kwashe dan yaƙi, dan haka kamfanin da ya buga tsaba a 1917 da wuya ya same su, abun da ke hannu tutiya ne da baƙin ƙarfe, alminiyam kuma ya fi yawa bayan an gama yaƙin.

Akwai waɗanda ke tsaka-tsaki kuma su kansu masana ba su gama daidaitawa a kansu ba. Tsabar taragon cikin gari na Nürnberg da Fürth, Pfennig 20 ta alminiyam mai kusurwa takwas da zane iri 45, kowa na sonta kuma ta cancanta, amma taragon na hukumar gari ne, dan haka ba ta cikin na 'yan kasuwa. Ita kuma Hamburgische Bank von 1923, wadda 'yan kasuwar Hamburg suka kafa lokacin da mark ya mutu, ta fitar da 'yan tsabar alminiyam masu ƙimar 1/100 da 5/100 da 1/10 na mark ɗin gwal, a ganina tana da gurbi a tarin mai son na kamfanoni. Kai za ka ja layinka, abun da ake so dai ka ja shi da sani.

Mataki na biyu: ka zaɓi fili ƙarami

Kamfanonin da suka buga irin wannan tsabar suna da yawa ƙwarai, da yawansu kuma da ƙima uku ko biyar ko fiye, ba wanda zai gama tara su, masu tarawa a Jamus ɗin ma ba su gama ba. Dan haka ka zaɓa. Wani yanki yake ɗauka, kamar Ruhr mai kwal da ƙarfe, ko Saksoni mai masaƙu, ko Bavariya. Wani sana'a yake bi, masaƙu kawai ko ramukan kwal kawai ko masu ƙera injuna. Wani kuma garuruwan da yanzu ba sa cikin Jamus, irin su Breslau da Kattowitz da Stettin da ke Poland yau, ko Straßburg da Metz da suka koma Faransa bayan yaƙin, amma ka sani a nan za ka yi gogayya da masu tarawa na waɗancan ƙasashen kuma farashi ya kan ɗaga. Wanda ba ya son abun da ya shafi giya a gidansa sai ya tsallake duk mai Brauerei ko Bier, filin yana da faɗin da ba zai ji ya rasa komai ba.

Ni shawarata ga mai farawa ya bi sana'a ɗaya, dan sana'a tana ba ka labari mai haɗuwa, kana tara tsabar masaƙu goma za ka fara gane inda masaƙun Jamus suka taru da irin girman kowacce. Kayan marmari irin su tsabar tangaran da masana'antar Meissen ta yi wajen 1920 da 1921 mai alamar takubba biyu, ko tsabar da kamfanin Conradty na Röthenbach kusa da Nürnberg ya matsa daga garin kwal a 1922, ko kan sarki da aka rufe cikin ɗan gwangwani da tallar kamfani a baya, duk ka bar su sai ka yi ƙwari, suna da tsada kuma suna da saurin lalacewa.

Mataki na uku: kundin bayani kafin saye

Sunayen marubuta kundaye uku za ka dinga cin karo da su a bayanin dillalai. Funck na tsabar hukuma ne, in ka ga lambar Funck to galibi ta gari ce, ko da yake akwai 'yan na kamfanoni da suka shiga ciki. Hasselmann shi ya keɓe kundi dan na 'yan kasuwa na 1916 zuwa 1921, shi ne ya fi dacewa da mu. Menzel kuma ya fi kowa faɗi, ya kwaso duk wani madadin kuɗi tun daga 1840, har da waɗancan alamun cinikin na kashi na uku, dan haka kasancewar tsaba a cikin Menzel ba ya nufin kuɗin gaggawa ce. Wani abun lura, an sake fitar da Menzel sau da yawa har da na dijital kuma lambobin suna canzawa daga fitowa zuwa fitowa, saboda haka in za ka rubuta lamba ka rubuta da shekarar fitowar kundin, in ba haka ba wata rana kai da kanka ba za ka gane me ka rubuta ba.

Duk da Jamusanci suke, amma kar wannan ya tsorata ka, kalmomin da ake maimaitawa ba su da yawa. Zn tutiya, Fe baƙin ƙarfe, Al alminiyam, Ms tagulla, o.J. babu shekara a jiki, Vs. gaba, Rs. baya, gelocht mai huda, achteckig mai kusurwa takwas, vernickelt an shafa mata nikel, verzinkt an shafa mata tutiya. Kafin ka samu kundin, shafin Numista kyauta ne, yana da sashen kuɗin gaggawa na Jamus da hotuna da awo da lambobin waɗannan kundayen, sai dai masu sa kai ne ke cika shi dan haka bai cika ba kuma a kan samu kuskure.

Mataki na huɗu: kayan aiki da yanda ake duba tsaba

Ba su da yawa. Mayen ƙarfe ƙarami, gilashin ƙara girma mai ninki goma, sikeli irin na masu sayar da gwal wanda ke nuna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram, da ma'aunin faɗi na dijital mai baki biyu irin na kanikawa, in da hali na roba dan na ƙarfe yana karce gefen tsaba.

Ka riƙe ta ta gefe, kar yatsa ya hau fuskarta dan gumi yana cin tutiya. Ka fara da mayen ƙarfe, ka sa ƙyalle ko takarda a tsakani: in ta manne baƙin ƙarfe ce ko da kuwa launinta na tutiya ne, dan da yawa an shafa musu tutiya a sama dan kar su yi tsatsa, in ba ta manne ba kuma tana da ɗan nauyi tutiya ce, in ka ji ta sakayau kamar ba komai a hannu alminiyam ce. Wannan gwajin ba ƙaramin abu ba ne, sau da yawa kamfani ɗaya ya buga zane ɗaya da ƙarfe biyu, ɗaya tana ko'ina ɗayar kuma da ƙyar ake ganinta. Sai ka auna faɗi da nauyi ka rubuta. Yawanci Pfennig 10 tana wajen milimita 20 zuwa 21, 5 ta ɗan gaza haka, 50 ta ɗan fi.

Daga nan sai gilashi. Kamfanoni ba su ke buga tsabar da kansu ba, akwai gidajen bugu da suka yi suna a kan haka: L. Chr. Lauer da C. Balmberger a Nürnberg, Mayer & Wilhelm a Stuttgart, B. H. Mayer a Pforzheim, Kugel & Fink a Lüdenscheid. Dan a rage kuɗi sai su yi amfani da hatimin baya ɗaya ga kwastomomi da yawa, lamba a tsakiya da zoben ɗige-ɗige ko zobe mai kama da igiya, gaban ne kawai ake sassaƙa wa kowa nasa. Shi ya sa za ka ga tsabar garuruwa masu nisa da juna bayansu iri ɗaya sak, ba jabu ba ne. Kuma in hatimi ya fashe aka sake wani sai a samu ɗan bambanci, tazarar harafi, siffar lamba 1, tauraro a maimakon ɗigo, kundayen suna lissafa waɗannan da a, b, c. Ni dai ba na ganin mai farawa ya kamata ya bi wannan ramin tun yanzu, amma ya rubuta abun da ya gani.

Huda ba kullum aibi ba ce. Wasu da hudarsu aka fitar da su dan a bambanta su da kuɗin gwamnati ko a bambanta ƙima a hannu, irin wannan za ka ganta a tsaftace kuma zanen ya bar mata wuri. Wadda wani ya huda da ƙusa daga baya za ta ci rubutu, bakinta kuma ya tashi.

Mataki na biyar: gano garin

Wannan shi ne zuciyar aikin kuma shi ya fi daɗi. Kundayen duk bisa sunan gari aka jera su, dan haka in ba ka san garin ba ba ka da ƙofar shiga. In an rubuta garin to da sauƙi, sai dai ka kula da tsohon rubutu, Cöln da Cassel da Crefeld da Coblenz duk da K ake rubuta su yau. Ka kula da 'yan haruffan da ke bin sunan dan garuruwa masu suna ɗaya sun yi yawa: Frankfurt a. M. daban da Frankfurt a. O., Mühlhausen i. Th. daban da Mülhausen i. E. wanda yau Mulhouse ne a Faransa, i. W. na nufin Westfalen, i. Sa. Saksoni, O.S. yankin Silesiya ta sama. Neustadt kam suna da yawa ƙwarai, sai ka haɗa da sunan kamfanin. Wajen bincike in allon wayarka ba shi da ü ko ö ka rubuta ue ko oe, zai fito.

In kuma ba gari sai sunan kamfani, ko mafi wuya haruffa biyu ko uku kawai, sai ka sa sunan a injin bincike tare da kalmar Notgeld ko Notmünze, ka duba tsoffin sakamakon gwanjo, ka gwada sunan da kalmar Fabrik ko Geschichte. Sau da yawa za ka tarar kamfanin ya mutu tuntuni amma akwai shafin tarihin garin da ya ambace shi, da hoton ginin, da abun da yake ƙerawa, wani zubin ma har yanzu yana nan da wani sunan. Ranar da ka haɗa 'yar tsabar da ke tafin hannunka da hoton masaƙar da ta fito daga ciki, wallahi ranar za ka gane me ya sa mutane ke ƙarar da shekaru a wannan harka. Abun da ban yarda da shi ba shi ne cika gurbi da zato. In ba ka tabbatar ba ka rubuta ba a tabbatar ba, dan zaton da ka rubuta yau shi wani zai kwafa gobe a matsayin gaskiya.

Mataki na shida: saye

MA-Shops dandali ne na dillalan tsaba masu rajista, yawancinsu Jamusawa, nan ya fi kwanciyar hankali ga sabon shiga. eBay na Jamus da Delcampe sun fi araha kuma sun fi haɗari. Ka yi bincike da Jamusanci, Notmünze privat, ko Firmennotgeld, ko Kleingeldersatzmarke, sakamakon ya fi na Turanci yawa nesa ba kusa ba. Kalmar Konvolut ko Lot na nufin tari, kuma tari shi ne makarantar mai koyo, ka sayi guda ashirin ko talatin a haɗe ka zauna ka rarrabe su da kanka, abun da za ka koya a nan ya fi na karatun wata guda. Manyan gidajen gwanjo irin su Künker a Osnabrück da Teutoburger suna fitar da masu wuyar samu, amma ka tuna akwai lada da suke ɗorawa a kan farashin da ka ci, wajen kashi 20 cikin ɗari ko fiye, ka lissafa shi kafin ka taya. Wanda Allah ya kai shi Jamus kuma, akwai baje kolin World Money Fair a Berlin farkon shekara da Numismata a Munich, nan za ka samu akwatunan tsince-tsince masu araha.

Matakan kyau a wajensu su ne s, ss, vz, da st, daga mai ɗan dama zuwa wadda ta fito kamar yau aka buga. A tutiya da baƙin ƙarfe ni ba goguwar rubutu na fi dubawa ba, lafiyar fuskar nake dubawa. Tsaba mai ss wadda fuskarta ke sumul launin toka ɗaya ta fi min mai vz da farin gari ya fara tsirowa a gefenta, dan wannan farin garin ciwo ne, yana ci yana barin ramuka kuma ba ya komawa. In hoto ya yi duhu ko gefe ɗaya kawai aka nuna ka nemi wani, in an ƙi ka wuce. In ka ga Nachprägung ko Neuprägung a bayani to sake bugu ne na baya, tun a wancan zamanin ma an sake buga wasu dan masu tarawa, ba laifi ba ne mallakarsu in an faɗa maka kuma farashin ya nuna haka. Jabu na zamani bai cika yawa a masu araha ba dan wahalar ba ta biya, a masu tsada ne za ka duba ko akwai layin haɗi a gefe ko 'yan ƙuraje a fuska, alamar zuba ta aka yi ba bugawa ba.

Na gama-gari yuro kaɗan ne, dan haka ga wanda ke Kano ko Maradi ko Kumasi kuɗin aike zai iya fin kuɗin kayan. Ka tambayi dillali tukuna ko yana aikawa ƙasarku dan ba duka ke yi ba, ka tara sayayyarka wajen mutum ɗaya a haɗa maka a ƙunshi ɗaya, ka nemi Einschreiben wato aike mai rajista da lambar bibiya. Mafi sauƙi in kana da ɗan uwa ko aboki a Turai a kai gidansa, ya riƙo maka in zai zo. Kuma dan Allah kar ka shiga da niyyar jari, wai ka saya yau ka sayar gobe da riba, masu sayen irin wannan a wajenmu ba su da yawa, ka sa kuɗin da ba zai taɓa cefanen gida ba.

Mataki na bakwai: ajiya, da maganar wanki

Kar ka wanke. Lemon tsami, ruwan tsami na kwalba, toka, omo, man goge tagulla, soson ƙarfe, duk suna kashe tutiya, za ta yi fari na kwana biyu sannan ta dawo da tabo wanda ya fi na da, kuma duk mai tarawa yana gane wankakkiya daga nesa. In akwai maiƙo ko dattin tsohuwar leda, asiton tsantsa na kemis ya isa, a tsoma a ɗaga a bar ta ta bushe ba gogewa, amma kar ya kusanci mai kan sarki a ciki dan yana narka murfin, kar kuma ya taɓa ta kwal. Datti a lungun harafi tsinken sakace na itace a hankali. Ta baƙin ƙarfe in ta bushe sarai ana iya shafa mata kakin adana kayan tarihi siriri sosai, irin Renaissance Wax, ya tare mata iska. Wadda farin gari ko jar tsatsa ta riga ta kama ka ware ta daban.

Babban abokin gabarka damina ce. Laimar Agusta in ta samu baƙin ƙarfe a ɗakin da ba iska, kafin kaka ka ga ja ya fito. Ka sa kowace tsaba a 'yar kwalinta mai taga, irin mai manne kanta ta fi mai buƙatar fil ɗin stefula dan shi ma yana tsatsa, ko ƙwanson roba mai tauri irin na Leuchtturm ko Lindner. Ka guji leda mai laushi mai warin sabuwar roba, tana fitar da wani abu mai danƙo da ke cin ƙarfe. Sai ka zuba su a roba mai murfi mai kamawa, ka jefa 'yan ƙullin shan laima irin wanda ake samu a kwalin sabon takalmi, ka dinga canza su ko ka busar da su, ka ajiye nesa da bango mai jiƙa da kicin da banɗaki. Lokacin hunturu ƙura ce matsalar, kar ka goge ta da ƙyalle dan yashi ne a ciki, ka hure ta da 'yar robar hura iska. Farkon damina da ƙarshenta ka buɗe ka duba kowacce.

Mataki na takwas: rubutu

Kowace tsaba ta samu layinta a littafi ko a Excel: gari da sunansa na da da na yanzu, sunan kamfani yanda yake a jiki harafi da harafi, sana'arsa, ƙima, ƙarfe, faɗi, nauyi, siffa, shekara ko o.J., lambar kundi da shekarar kundin, inda ka saya da nawa, sai hoton gaba da baya a hasken taga ba filasha ba. In ta zo da tsohuwar 'yar takarda ko ambulan mai rubutun hannu na wanda ya riƙe ta kafin kai, kar ka yar, ka ajiye su tare, wani lokacin wannan takardar ce kaɗai shaidar garin da ta fito.

Waɗanda suka gagare ka ganewa ka ba su akwatinsu daban da lambar wucin gadi. Duk bayan wani lokaci ka sake gwada su dan kullum ana ƙara sababbin bayanai a intanet, ka sa hotonsu a zauren masu tarawa na Numista tare da awo da sakamakon mayen ƙarfe dan ba wanda zai iya taimaka maka da hoto kaɗai. In kana zargin wani gari, kusan kowane garin Jamus yana da ma'ajiyar tarihi da suke kira Stadtarchiv, ƙanana kuma suna da Heimatmuseum ko ƙungiyar tarihin gari, adireshin imel ɗinsu yana shafin garin. Ka rubuta gajeren saƙo da Turanci ko ka fassara shi zuwa Jamusanci, ka haɗa hoto biyu da awon, ka tambaya ko akwai kamfani mai wannan sunan ko waɗannan haruffan a garin tsakanin 1916 da 1921, in amsa ta zo ka kwafe ta cikin layin tsabar da ranar da ta zo da sunan ma'ajiyar da ta ba ka.